Ina ya fi daɗin zama? Duniya a idon ƴan biɗar Ƙonni da Adar

Da an ɗaure dammunan gero an cika rumbu, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, sai maza su fara ƙaranci a ƙauyukan Ƙonni da Malbaza da Illela. Je ka tashar Ƙonni da asuba, ko mahaɗar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi, ko Badagishiri ranar kasuwa, za ka ga samari da ƴar jaka a kafaɗa. Wani Sakkwato ya nufa daga nan ya zarce Legas, wani Abijan, wani kuma ya yi arewa, Agadas, da niyyar Libiya. In ka tambayi gidajensu, amsa ɗaya ce: ya tafi biɗa. Shi ya sa za ka tarar da ƙauyen da ko kwalta bai gani ba, amma a gindin bishiyar hira akwai wanda ya san kuɗin hayar ɗaki a unguwar Abobo ta Abijan, da wanda ya san sanyin Tirabulus, da dattijon da ya yi shekara goma a Kumasi. Kuma muhawarar da ba ta ƙarewa a wannan majalisa ita ce: a duk wuraren nan, ina ya fi daɗin zama?

Dalilin tafiyar ba ɓoyayye ba ne. Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yanzu jikoki goma ke rabonta, hatsin gida da yawa ba ya kai su bazara. Akwai abin yi a gida, ba a ce babu ba: fadamar Ƙonni da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, albasar Galmi da ta yi suna har bakin teku, masana'antar siminti ta Malbaza da ke nan tun shekarun 1960, da hada-hadar bakin iyaka. Sai dai duka ba su isa su riƙe samarin da ke tasowa kowace shekara ba. Tafiyar kuma ta girmi talaucin yau. Kakanni sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, kuma zamanin Faransa, lokacin da haraji da aikin tilas suka matsa, kafin a soke aikin tilas a 1946, mutane da yawa sun riƙa tsallakawa ƙasar Ingilishi don su sha iska.

Abin da na lura da shi shi ne, yaron da ke shirin fita da tsaraba yake auna ƙasashe. Wanda ya dawo da babur da babbar salula, ƙasarsa ita ce mai daɗi. Wanda ya dawo hannu rabbana, ƙasarsa ta lalace. Wannan awo kuwa yana yaudara, don mai tsaraba ba ya faɗin ɗakin da ya kwana, wanda ya dawo da ciwo kuma kunya ba ta barinsa ya zauna majalisa. Gari ɗaya yana da zama iri-iri, kowa da matsayin da ya shiga da shi. Abijan ɗin Alhajin da ke sauke tirelar albasa daban, ta yaron da ke tura masa baro daban, ko da a masallaci ɗaya suke sallar asuba. Wa ya sauke ka, wace takarda ke aljihunka ranar da aka tare hanya, nawa kuɗinka zai zama in ya iso Ƙonni, kuma in abu ya ɓaci kwana nawa ne tsakaninka da gida: waɗannan su ke yanke daɗin wuri, ba tsawon benayensa ba.

A fara da Najeriya, don ita ce ƙofar gida. Daga Ƙonni zuwa Illelar Najeriya, wadda ba ita ce Illelar Sarkin Adar ba, tafiyar ƴan mintoci ce a kan kabu-kabu, Sakkwato kuma ba ta kai kilomita 100 ba. Baƙonne a Sakkwato ko Kano ba ya jin baƙunta. Harshe nasa ne, tuwo nasa ne, liman ma wataƙila ɗan uwan kakarsa ne. Sana'o'in sanannu ne: ga-ruwa, shayi, gadi, faci, wankin takalmi, dako, acaɓa. Ba wanda zai ce ya nuna fasfo kafin ya tura kurar ruwa a unguwa. In uwa ta kwanta ciwo, yau aka kira shi, gobe yana gida. Wannan kusanci ba ƙaramin arziki ba ne, kuma waɗanda suka yi nisa su suka fi sanin darajarsa.

Legas kuwa wata duniya ce. A Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba akwai Hausawa da sarkinsu, amma da ka fita unguwar sunanka “aboki”, babu ruwan kowa da ko daga Nijar kake ko daga Zamfara. Kuɗi na gudu, cunkoso na cin rai, kwana kuma sau da yawa a kango ne ko gaban shagon da kake gadi. Ranar da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a manyan unguwanni, a Fabrairun 2020 sannan a Yunin 2022, dubban samari sun wayi gari babu sana'a, wasu babu babur ɗin ma. In rikicin kasuwa ya tashi, irin na Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, ba a tambayar wa ya fara, kamanni ake dubawa.

Amma abin da ya fi karya gwiwar masu zuwa Najeriya a ƴan shekarun nan shi ne naira. Wajen 2014, jaka ɗaya ta sefa ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Wato mutum zai yi rani cur yana tura ruwa, ya tara abin da a Kano ake kira kuɗi, ya zo wurin ƴan canji a Ƙonni ya ga ya narke. Ga kuma iyaka da ake rufewa ba shawara da talaka. Dattawa ba su manta korar baƙi ta Janairun 1983 zamanin Shagari ba, da rufe iyakar 1984 da ta haɗu da fari har aka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A kowane karo mutane sun bi ta daji sun wuce, amma da tsada da fargaba, balle yanzu da ƴan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato da Zamfara.

Abijan ita ce tsohuwar masoyiyar Adarawa, kuma dalilin farko mai sauƙi ne: kuɗinsu kuɗinmu ne. Jaka goma a unguwar Ajame jaka goma ce a Illela, ka zuba a kamfanin aika kuɗi na NITA ko Al Izza da safe, kafin azahar an karɓa an sayi tiyar gero. Na biyu, akwai gida. Shekaru da yawa na zuwa da dawowa sun sa kusan kowane ƙauye yana da mai masaukinsa a can, wanda zai ba sabon zuwa tabarma, ya ara masa jarin farko, ya nuna masa layin da zai bi da tallarsa. Ƴan gari ɗaya suna da asusu, in wani ya kwanta a yi masa magani ko a sa shi mota, in ya rasu a yi masa sutura. Ƴan Nijar sun kafu a cinikin albasa da katako da nama da shayi, har abincin da talakan Abijan ya fi ci, acheke na rogo da soyayyen kifi, ana kiransa garba, don ƴan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi.

To, yaya zaman yake? Ruwan da ake yi a Abijan a shekara ya ninka na Ƙonni sau uku ko fiye. Wanda ya tashi cikin busasshen zafi, inda gumi ke bushewa kafin ya sauko, zai sha mamakin zafin da ke manne wa jiki, da tufafin da ba sa bushewa, da sauron da ba shi da lokaci. Ciki ma sai ya koyi rogo da ayaba da manja, fura ta zama abin marmari. Ɗaki shi ne babbar wahala. Dokar 2018 ta ce mai gida kada ya karɓi fiye da kuɗin wata biyu na gaba da wata biyu na ajiya, amma ko hakan ya fi ƙarfin mai tallar goro, shi ya sa za ka ga maza bakwai ko goma a ɗaki ɗaya, wasu na kwana da dare, masu gadi na kwana da rana. Da yawa da gangan suke ƙuntata wa kansu, don duk dalar da ba a kashe a can ba, ta gida ce. Wanda bai yi lakwal ba kuma, sai ya koyi Julanci don kasuwa da guntun Faransanci don ɗan sanda.

Sannan akwai abin da ba a so a tuna. Daga 1990 Kwaddibuwa, ƙasar da Abijan take, ta ɗora wa baƙi katin zama, wanda ya zama hanyar tatsa a kowane shinge har aka soke shi ga ƴan yammacin Afirka a 2007. Yaƙin da ya ɓarke a Satumban 2002 da rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 sun koro mutane da yawa gida, wasu sun bar dukiyar shekara ashirin. A Mayun 2021 wani bidiyon ƙarya da aka yaɗa a Facebook ya sa aka far wa ƴan Nijar a unguwannin Abijan, aka fasa shaguna, aka yi asarar rai. Kuma tun 1972 haihuwa a ƙasar ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa. Yaron da aka haifa a Abobo, wanda Faransancin titi ya fi masa Hausa sauƙi, a can baƙo ne, in an kawo shi Adar kuma kwana uku ya fara tambayar yaushe za a koma. Iyaye da yawa kan turo ƴaƴa gida karatun allo saboda wannan tsoro. Duk da haka, in ka matsa mini, zan ce a cikin wuraren da talakan Adar ke iya kaiwa, Abijan ce ta fi mayar da mai talla mai shago.

Gana ta fi kwanciyar hankali, zangunanta kuma tsofaffi ne. A Nima ta Akara ko zangon Kumasi da Hausa za ka yi ciniki da wanda ba Bahaushe ba, babban limamin ƙasar ma, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da Hausa yake wa'azi. Motocin albasarmu can suke sauka, a da Agbogbloshie, daga Yulin 2021 kuma Adjen Kotoku da ke bayan gari. Amma ita ma ta taɓa nuna wa baƙi ƙofa: a Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba marasa takarda mako biyu su fice. Kuɗinta, sidi, shi ma yakan yi irin ciwon naira.

Libiya ce ke raba majalisa biyu. Masu yabonta suna da hujja: a can ne lebura ko mai aikin lambu ko makiyayi ke iya tara abin da zai gina ɗakin siminti ya yi aure cikin shekara biyu. Zamanin Gaddafi burodi da man fetur kusan kyauta ne, mai lambu kuma yakan ba ka wurin kwana a cikin gonar, ba haya. Gidaje da yawa masu rufin kwano a ƙauyukan Tawa kuɗin Sabha da Misrata ne. Da gwamnatin ta faɗi a 2011, hukumomin Nijar sun ce mutum fiye da 200,000 suka dawo, jihar Tawa na cikin waɗanda suka fi jin nauyin, don gidan da ke jiran aike sai ga mai aiken ya dawo yana neman abinci.

Tun daga nan Libiya ta zama caca. Hanyar kanta, daga Agadas zuwa Dirku zuwa Gatrun da Sabha, kwanaki ce a bayan Hilux, mutum na riƙe da sanda tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo, in mota ta lalace nesa da rijiya kuma sai abin da Allah Ya yi. Dokar Nijar ta 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta sa direbobi suka bar babbar hanya suka bi ɓoyayyu masu hatsari, har aka soke ta a Nuwamban 2023. Wanda ya tafi ba kuɗin mota yakan faɗa abin da ake kira gidan bashi, inda ake tsare mutum ana dukansa ana buga wa danginsa waya har sai an sayar da akuya ko gona an fanshe shi. Wanda ya tsira ya samu aiki, zamansa na ɓoyo ne: daga wurin aiki sai ɗaki, kuɗi a ɗinke cikin wando, ba banki, ba kotun da zai kai ƙara in mai aiki ya hana shi haƙƙinsa ya nuna masa bindiga. Sallah ɗaya ake yi, alƙibla ɗaya, amma yaro ƙarami zai kira ka bawa a titi ka haɗiye. Ga sanyin hunturu na bakin teku da ba a san irinsa a Malbaza ba. Wanda ya dawo da kuɗi bai yi ƙarya ba, wanda ya dawo da tabo shi ma bai yi ba. Abin da ba a ji shi ne bakin wanda bai dawo ba.

Aljeriya ta fi Libiya doka, amma dokar ce ke kora. Ana aikin gini a Tamanraset da biranen arewa, ana samu, sai rana ɗaya a yi samame a loda mutane. Tun yarjejeniyar 2014 tsakanin Nijar da Aljeriya ake maido da ƴan Nijar cikin ayarin motoci, wasu baƙin kuma a zube su a hamada, kilomita kusan 15 daga Assamaka, su ƙarasa da ƙafa. Mutum kan bar kuɗin aikinsa na watanni a hannun mai gini.

Saudiyya kuwa tana da wani matsayi a zuciya da ba a auna shi da riyal. Tun kafin jirgin sama mutanenmu ke bin hanyar gabas da ƙafa, wasu su yi shekaru suna noma a Sudan, wasu su zauna can ɗungurum, kamar zuriyar mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. A yau zaman Makka ko Jidda ga marar igama, wato takardar zama, zaman ɗar-ɗar ne, ga mai igama kuma wuyansa na hannun wanda ya ɗauko shi. Ana kiransa takari ko da a can aka haifi ubansa. Mata masu aikin gida su suka fi shan wuya, don abin da ke faruwa bayan ƙofa ba mai gani. Amma ka tambayi tsohuwar da ta yi shekara goma tana sallah a Harami ko ta yi nadama, ka ji amsa.

Turai da Amurka ba su cika cikin lissafin ƙauyukanmu ba, kuma wannan abin lura ne, don Turawa na ɗauka duk wanda ya hau mota a Agadas teku ya nufa. Ɗan Adar yawanci biɗa ya je, yana da niyyar dawowa. Ƴan ƙalilan da suka kai Faransa ko Beljiyam ko Amurka, galibi ƴan boko da ƴan kasuwa, labarinsu kusan ɗaya ne: asibiti da makaranta da wuta ba yankewa, albashi mai kauri in an juya shi sefa, amma haya da haraji su cinye rabi, maƙwabci bai san sunanka ba, kuma wanda ba shi da takarda yakan yi shekaru bai ga mahaifiyarsa ba, don in ya fito ba shi komawa.

Akwai kuma waɗanda ba a tambayarsu ina ya fi daɗi, alhali su ke biyan rabin kuɗin tafiyar. Matar ɗan biɗa ita ke riƙe da gida, ta ɗebo ruwa, ta nemi na cefane in aike ya yi jinkiri, ta yi zaman jiran da wani lokaci yakan kai shekara uku ko huɗu. Ga ita, ƙasar da ta fi ita ce wadda miji ke dawowa daga ita kafin shuka. Salula ta rage nisa, ana aiko murya ta WhatsApp, ana turo kuɗin ƴan barema su yi noma a madadin mai gona. Amma murya ba ta kai yaro likita a Galmi da tsakar dare. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma alƙalai da limaman yankin nan sun san yawan auren da doguwar biɗa ta kashe.

Kada mu manta kuma, Ƙonni ita ma ƙasar waje ce ga wasu. Inyamurin da ke sayar da kayan gyaran mota, da matar Togo ko Benin mai gidan abinci, da Basakkwacen da ya gudo daga ƴan bindiga, su ma suna da majalisarsu inda suke faɗin yadda zama da mu yake. Yadda muke so a riƙe ƴaƴanmu a Ajame, haka ya kamata su samu a nan.

Hukuncina dai shi ne, ga mai ƙaramin ƙarfi, wurin da yake da mai masauki na gaskiya da kuɗin da ba ya narkewa a hanya da motar da za ta maido shi cikin kwana biyu ko uku ya fi wurin da albashi ya ninka amma ransa ke hannun wani. Da wannan awo Abijan da Akara na gaba, ko da yake sidi na da nasa ciwon, arewacin Najeriya na biye saboda kusanci duk da raunin naira, Libiya na can baya komai yawan kwanon da ta rufa. Sai dai lissafin na iya sauyawa. Yarjejeniyar 1979 ta ƙungiyar CEDEAO ta ƙasashen yammacin Afirka ce ta ba mu shiga ƙasashen kudu ba biza, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da zirga-zirga kamar da har sai an sake sanarwa, wato abin da yake haƙƙi jiya yanzu alfarma ne. Don haka duk uban da zai sallami ɗansa bana, kafin kuɗin mota ya tabbata yaron na da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, ya san sunan wanda zai sauka wurinsa, in ya isa kuma ya je ofishin jakadancin Nijar ya yi rajista. Ku kuma yayyen da kuka dawo, in ƙannenku sun zo ganin babur, ku faɗa musu ku nawa ne a ɗakin.